Silifar Gwaggo

Da ƙafa Mai Mabuɗai ya ture silifar, ko sunkuyawa bai yi ba. Ƙofar ta taho a hankali da nauyinta, ta kulle kanta, ƙas. 'Yar Boko tana kan matakala ta ƙarshe, jakar littattafai a kafaɗa, ledar cefane a hannu. Duk a kan idonta aka yi.

"Akwai mutum a ciki," ta ce masa da yaren mutanen ƙasar, wanda ta iya kamar a cikinsa aka yanke mata cibiya.

"Na sani. Shi ya sa ake rufewa." Ya gyara tarin mabuɗan da ke rataye a ƙugunsa, waɗanda suka jawo masa sunan. Shi ne mai kula da ginin, daga ƙwan fitila har kwandon shara. "Ƙofar kariyar gobara ce. In wuta ta tashi a ɗaki guda, hayaƙi ya bi hawa duka. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

"Tsohuwa ce, ba ta da lafiya."

"Akwai asibiti," ya ce, ya sauka abinsa.

Ta ɗauki silifar, shuɗiya ce ta roba, dunduniyarta ta cinye. Ta ƙwanƙwasa, ta tsaya. Ba ta ji motsin kowa ba, don ƙofar nan ko tari ba ta bari ya fito. Sai can hannun ƙofar ya motsa, Gwaggo ta leƙo tana haki.

"Ya tafi, mai fuskar shanun?"

"Ya tafi."

"To mayar min da takalmina wurin aikinsa."

Gwaggo ba gwaggonta ba ce. A ƙasar nan suka haɗu, ƙofa tana kallon ƙofa. 'Yar Boko ta zo dogon karatu ne, kuma tun a shekarar farko ta koyi zaman wurin da ƙarfin tsiya. Ta koyi raba shara kashi-kashi, ta koyi cin abinci a tsaye, ta koyi murmushin da ba ya kaiwa ido. Abin da ya fi ci mata rai shi ne daina gaisuwa. Ranar da ta tambayi wata maƙwabciya yadda ta kwana, matar ta ja igiyar karenta ta dube ta kamar ta roƙe ta aron zane. Tun daga nan 'Yar Boko ta ɗinke bakinta, ta ɗaga kai sama. In ba sa buƙatar gaisuwarta, ita ma ba gaisuwarsu ta zo ci ba.

Haka take har wata rana ta dawo daga makaranta, ta tarar da ƙofar da ke fuskantar tata a buɗe, an tokare ta da silifa, wata murya daga ciki ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce da za ki wuce babba ba gaisuwa?" Da Hausa. 'Yar Boko ta tsaya da mabuɗi a hannu, ta kasa samun ramin makulli.

Renon jika ya kawo Gwaggo, da niyyar ta yi 'yan watanni ta koma. Sai zuciyarta ta kumbura, likitoci suka hana ta hawa jirgi. Jikan ya yi wayo aka kai shi gidan reno. Ɗanta Injiniya da matarsa suna fita tun rana ba ta fito ba, ba sa dawowa sai fitilun titi sun kama. Gwaggo ta rage ita kaɗai da kujera da talabijin mai yaren da ba ta ji. Duk da haka da farko ba ta taɓa ƙofar ba, sai da aka fitar da gawar wani mutum na hawan sama. Ta taga ta ga maza da fuska a rufe suna saukowa da baƙar jaka doguwa. Ya yi makonni a kwance a ɗakinsa, ba wanda ya sani sai da wari ya cika matakala.

"Ƙudaje ne suka yi masa ta'aziyya," in ji Gwaggo. "Ni mutuwa ba ta ba ni tsoro, 'yar nan, na binne miji da 'ya'ya biyu. Amma ba zan mutu a bayan ƙofa kamar ɓera a akwati ba. In ta zo, ta same ni ina jin takun mutane."

Ranar hutun mako Injiniya ya ƙwanƙwasa wa 'Yar Boko. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu, idanunsa jajir don gajiya.

"Ƙanwata, don Allah ki taimake ni. Masu ginin sun sake yi min kashedi, sun ce in aka ƙara za su tashe mu. Kin san wahalar samun gida a garin nan. Ke kike ɗaure mata gindi."

"Yaya, ni ban ɗaure wa kowa gindi ba. Silifa nake mayarwa inda mai ita ta ajiye."

"In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka liƙa."

"In wutsiyar kare ce fa?"

Bai yi dariya ba. Ya ciro wani ɗan farin maɓalli mai igiya daga aljihu. "Ga wannan. Ta rataya a wuya, in ta ji wani abu ta danna, nan da nan za a zo. Ke kuma zan ba ki mabuɗi."

Suka shiga tare ya yi wa uwarsa bayani. Gwaggo ta juya maɓallin a tafin hannunta, ta dubi ɗan da ta haifa.

"Ƙararrawa ka sayo min kamar akuya?"

"Inna, don lafiyarki ne."

"Su wa za su zo?"

"Ma'aikata."

"Sun san sunana?" Ta rataye shi a jikin kujera. "Mabuɗi kuwa ka ba ta, na gode. Amma mabuɗi ba ya jin nishi."

Washegari Injiniya ya kwashe takalman gidan kaf ya zuba a bayan motarsa, har da na jikan. Bai san silifar tana ƙarƙashin matashin Gwaggo ba. Amma da ta ga yadda ya fita kansa a ƙasa, sai ta bar ta a can. Ƙofa ta zauna a rufe. Da 'Yar Boko ta shiga da mabuɗinta bayan la'asar, ta tarar da tsohuwar ta juya kujerarta tana fuskantar ƙofa, abincinta ya sandare a faranti.

"Kada a tashi yaron nan saboda ni," in ji Gwaggo. Muryarta ta koma ƙarama.

'Yar Boko ta dube ta. Ta tuna duk abin da ta haɗiye a ƙasar nan ba ta ce uffan ba: mai shagon da yake bin ta a baya tsakanin kantoci, malamin da ya yaba mata cewa ba ta yi kama da mutanen ƙasarsu ba, kujerar da ke zama fayau kusa da ita a cikin bas ko da mutane suna tsaye. Duk ta shanye, ta ce karatu ya kawo ta. Amma a ce tsohuwa mai neman jin takun ɗan Adam ita ce haɗarin gobara, wannan bai haɗiyu ba.

Ta koma ɗakinta ta ɗauko kwamfuta da bargo da matashi. Ta buɗe ƙofar Gwaggo, ta zauna daram a kan dokin ƙofar, ta jingina bayanta da ita.

Ba a jima ba aka ji kacau-kacau na mabuɗai yana hawowa.

"An hana tokare ƙofa," ya ce.

"Ba tokare ta na yi ba. Shiga nake yi."

"Tun ɗazu kike zaune."

"Ban gama shiga ba. In kana so, ture ni da ƙafa yadda ka saba."

Ya dube ta, ya dubi takalminsa, ya yi wata magana ƙasa-ƙasa ya wuce.

"Me ya ce?" Gwaggo ta tambaya daga kan kujera.

"Ya ce yana gaishe ki."

"Ƙarya kike, 'yar banza," in ji Gwaggo, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Haka aka shiga lokacin sanyi. 'Yar Boko ta mayar da duk aikin da za ta iya yi daga gida zuwa bakin ƙofar nan. Ƙofar tana da ƙarfe a sama mai tura ta ta rufe, kullum yana matsa mata baya kamar mai son ta gaji, har sai da ƙashin bayanta ya yi tabo. Iska mai sanyi tana hawowa ta matakala ta shige mata ƙarƙashin bargo. Fitilar baranda kuwa ba ta zama a kunne sai ta ga motsi, don haka tana cikin karatu sai duhu ya rufe ta, ta ɗaga hannu ta kaɗa kamar mai korar ƙuda. Malaminta ya ce ba ya ganinta a ɗakin bincike yadda ya kamata. Ta ce masa aikinsa yake so ko fuskarta, ta aika masa babin da ya nema kafin lokaci. Da safe, in dole ta fita, Gwaggo takan haƙura da rufaffiyar ƙofa, tana kallon agogo.

Mutanen ginin sukan wuce su tsallake ƙafafunta ba tare da sun dube ta ba. Gwaggo kuwa ta san kowa da takunsa.

"Ga mai karen nan, yau ƙafarta ta hagu na ciwo. Ce mata ta shafa mai da zafi-zafi."

"Ba ruwana, Gwaggo."

"Ke dai girman kai zai kashe ki. Wa zai aure ki da wannan wuyan kamar na raƙumi?"

"Wanda ya kai tsawo."

Wata rana da rana tsaka, ana ɗan yayyafi, Gwaggo tana ba ta labarin wata rijiya da ke tsakar gidansu, yadda maƙwabta ke shigowa ɗiban ruwa ba sallama ba komai, har ta kan rasa inda za ta shanya wanki. Tana cikin magana ta tsaya. 'Yar Boko ta ɗago kai. Tsohuwar ta dafe ƙirji, leɓunanta sun yi toka-toka.

"'Yar nan, zo ki kama min hannu."

Ta yunƙura, ƙofar ta biyo bayanta.

"Kada ki bari ta rufe."

'Yar Boko ta tare ƙofar da ƙafa guda, ta miƙa jiki iya tsawonta ta zaro silifar daga ƙarƙashin matashin kujera, ta cusa ta a inda ta saba zama. Ta danna farin maɓallin, ta kira Injiniya a waya, sannan ta durƙusa ta riƙe hannun. Sanyi ƙalau yake, mara nauyi kamar busasshen ganye. Ta yi ta maimaita mata kalmar shahada, leɓunan Gwaggo suna bi. A matakala wani yana hawowa, da ƙarar faratan kare a kan siminti.

"Mai karen ce," in ji Gwaggo, da ƙyar. "Har yanzu tana ɗingishi."

Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Ma'aikatan sun zo da sauri, ba laifi, sun yi abin da za su iya. Injiniya ya iso da rigar aikinsa, ya zube a gaban kujerar yana kiran "Inna, Inna," kamar yaron da aka manta a kasuwa. Da lokacin fitar da ita ya yi, gadon ɗaukar ya ƙi wucewa, don silifar ba ta buɗe ƙofar sosai ba. Sai ga Mai Mabuɗai. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wani ɗan katako mai tsini, ya sha hannu har yana sheƙi. Ya wangale ƙofar, ya sunkuya, ya soke shi a ƙarƙashinta. Ƙofar ta tsaya cak.

'Yar Boko ta dubi katakon. Ta dubi mutumin.

"Ashe kana da shi," ta ce.

"Don fitar da kaya ne," ya ce. Sai kuma ya ji abin da ya faɗa, ya kawar da kai.

'Yar Boko ta ɗauke idonta daga kansa. Ta matsa gefe aka wuce da Gwaggo, a lulluɓe, ta ƙofa buɗaɗɗiya har bango. Mai karen tana tsaye a matakala ta riƙe igiya gam, ta sunkuyar da kai.

Da aka watse, Mai Mabuɗai ya zare katakonsa ya mayar aljihu. Ƙofar ta taho a hankali, ta ture silifar zuwa tsakiyar baranda, ta kulle kanta.

'Yar Boko ta tattara bargonta da kwamfutarta. Ta ɗauki silifar ta kakkaɓe ta a jikin siket ɗinta. Ta buɗe nata ɗakin ta shiga, kafin ƙofar ta rufe ta sunkuya ta tokare ta da silifar. Ta ɗora ruwan zafi, ta zauna a bakin gado ba ta cire takalmi ba. Can fitilar baranda ta gaji da jiran motsi ta mutu. Hasken ɗakinta ya fita ta ɗan tsagin, siriri, ya kwanta a kan siminti har bakin ƙofar Gwaggo.