Sunana a Cikin Leda

Daren jiya mafarki ya kai ni cikin kan matata Delu. Wata uku ke nan ba ta magana, tun da ta faɗo daga babur. In tana nemana, cokali take bugawa a kofi. Likita ta ce suna gwada mata wani furotin mai sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su sake tsiro, amma ba ta yi alkawari ba. Ni da na shekara arba'in a lambu, da na ji an ce jijiya, na san taki ake nufi.

Ciki kuwa fadama ce. Ruwan sama na tashi daga ƙasa yana komawa gajimare. A bakin wani kwazazzabo akwai tebur, bunsuru na zaune da tabarau.

“Aikinka?” in ji shi.

“Mai lambu.”

“To shiga. Injiniyoyi sun zo sun koma.”

Ya miƙo mini furotin a ƙwarya, da ɗumi kamar koko. Na tsuguna ina ba jijiyoyin a baki, ɗaya bayan ɗaya. Suka yi gyatsa, suka fara yaɗo kamar kabewa. Na kafa musu kara suka tsallake ramin. Ba yabon kai ba, ko albasata ba ta taɓa yin kyau haka ba.

Sai ga mu a rumbun kalmomin Delu. “Gishiri” ta sha jiki. “Ka makara” har ta koɗe. Can ƙasa na hango sunana, Ɗanjuma, sabo fil a cikin ledarsa. Shekara talatin da aure, kunya ba ta bari ta furta shi ba.

Bunsuru ya ce, “Jijiya ɗaya ce ta iso. Mu haɗa da wannan? Ba a taɓa sawa ba.”

Wallahi na yi kwaɗayi. Amma na san halin matata. Na ce, “Mayar mata da abinta. Ba ni wancan tsohon mai faci da ta saba kirana da shi.”

Na ɗaure shi da jijiyar, na tofa bisimilla. Bunsuru ya buga hatimi, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido. Cokali ne a jikin kofi, rana har ta shigo ɗaki. Delu na kallona, leɓenta na rawa. Ta daɗe tana kokawa da harshenta.

“Ma... lam,” ta ce.

Na amsa da ƙarfin da ya sa maƙwabta suka leƙo.