Biyar Ƙasa da Sifili

An ɗaure kwamfutar a bayan mashin da igiyar roba kamar ragon layya, an lulluɓe ta da buhu saboda yayyafi. Jabir yana kan mashin na biyu rungume da allonta, ƙaramin janareta kuma yana kan tanki tsakanin hannuwan ɗan kabu-kabu. Daga Kaura Namoda zuwa Zurmi hanya ba ta da laifi. Amma da suka sauka daga kwalta suka nufi ƙauyen su Malam Ɗanbaba, sai tafiya ta koma tsalle-tsalle. Duk ramin da mashin ɗin gaba ya faɗa, sai Jabir ya ji shi a haƙoransa.

"Malam, a hankali mana! Ba buhun gero ka ɗauko ba!"

Ɗan kabu-kabun ko waiwaye bai yi ba.

Zuhura ce ta jawo wannan tafiya. Matar maƙwabcin Jabir ce a Kaura, ana ce mata Maman Nafisa, kuma shekaranjiya ta zo shagonsa tare da mijinta, idanunta a kumbure. Mahaifinta, Malam Ɗanbaba, yana kwance, asibiti sun ce a mayar da shi gida. Tana da wa guda, Sodangi, makaɗin kalangu. Shekara uku da suka wuce, da aka ƙaddamar da Shari'a aka daina kiɗa a bukukuwa, uban ya ce ya ajiye sana'ar, shi kuwa ya ƙi. Tsohon ya ɗauki taɓarya ya fasa kalangun a ƙofar gida gaban jama'a, ya ce ba shi ba shi. Sodangi ya ƙetare iyaka, Maraɗi, Agadas, har Sabha ta ƙasar Libiya, inda yake ɗaukar bulo. Zuhura ta sa an rubuta masa cewa Baba ya sauko. Amsar da ya aiko gajeriya ce: takarda kowa na iya rubutawa, in gaskiya ne ya ji daga bakin Baba.

To yanzu tsohon ya ce zai yi magana. Kaset kuwa, in aka ba direbobi, sai ya yi wata bai isa ba. Jabir ne ya bugi ƙirji ya ce ta kwamfuta kwana ɗaya ya isa, tunda akwai shagon da Sodangi ke karɓar saƙo a can.

Kuma yana da dalilin bugun ƙirjin. A shagonsa na bakin tashar jirgi yake juye kaset-kaset na wa'azi zuwa faifai, sana'ar da ta buɗe tun da kasuwar waƙa ta mutu. Kwamfutar ta gwanjo ce, katin sautin da ke cikinta kuma ya ƙi jituwa da ita, har sai da Jabir ya zauna wata biyu ya gyara direban katin da hannunsa. Direba a nan ba mutum ba ne, ɗan rubutu ne da ke aikin ɗan aike. Kwamfuta ta ce masa je ka karɓo sauti, ya je wajen katin, ya dawo da amsa. Amsar kuwa lamba ce. In ya dawo da sifili, lafiya ke nan, ga saƙo. In ya dawo da abin da ke ƙasa da sifili, akwai matsala, kuma kowace lamba da maganarta. Goma sha shida, katin yana kan wani aiki. Talatin da biyu, sauti ya yi ambaliya kafin a kwashe. Biyar, na kira shi bai amsa ba.

Bara da azumi, yana ɗaukar tafsirin wani malami, talatin da biyu ta faɗo. Kwamfuta ta yi ƙara, ta fito da jan rubutu, ta tsaya cak a tsakiyar aya. Malamin ya yi masa tatas a gaban mutane, har da cewa kayan Nasara ba su da ladabi. Jabir ya koma shago yana huci, ya ƙara layi uku a cikin direban. Kowace lamba ta zo, a ajiye ta a wani fayil na gefe, a cike gurbin da shiru, a gaya wa kwamfuta sifili. Ya mayar da ɗan aiken nasa irin majinyacin da za ka tarar yana nishi, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Da yake talatin da biyu ƙiftawar ido kawai take cinyewa, babu wanda ya taɓa lura. Shekara guda ke nan yana gaya wa masu kawo aiki, "Tawa ba ta tsayawa." Kuma wallahi gaskiya ya faɗa.

Sun tarar Zuhura ta riga su isowa a mota. Aka shigar da su ɗakin da tsohon yake, an jingina shi da bango, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi. Jabir ya durƙusa ya gaishe shi, ya jona wayoyi, aka tayar da janareta a tsakar gida. Allo ya nuna cewa komai a shirye yake. Ya matso da makirufo kusa da gemun tsohon.

"Baba, ku ɗan faɗi wani abu mu gwada."

Malam Ɗanbaba ya dube shi, numfashinsa na fita da ƙyar. "Ɗana, ni ba ni da sauran maganar gwaji. Wadda ta rage ta Sodangi ce."

Jabir ya so ya matsa, sai kunya ta kama shi. Ai da safen nan ya gwada a shago, tas take. Ya ɗora allon madannai kan cinyar tsohon, ya nuna masa dogon da ke ƙasa. "In kun gama, ku danna wannan."

"To. Ku fita duka. Har ke, ɗiyata." Ya riƙo hannun rigar Jabir. "Kai kuma amana ce. Kunnenka kada shi shiga. Shi kaɗai."

"In Allah ya yarda, Baba."

Jabir ya kunna ɗauka, suka fita. Zuhura ta tsaya jikin ƙofa, amma ina! Ƙarar janareta ta cika gidan, ko tarin tsohon ba ta jiyowa. Jabir ya zauna a zaure yana kallon yayyafi kan gonar dawa, zuciyarsa wasai, yana jin ya yi aikin lada. Da aka jima tsohon ya buga kwanon sha da bango, suka koma. Idanunsa sun yi ja, hannunsa na kan dogon madannin har yanzu. Jabir ya karanta musu abin da ke kan allo da murya mai ƙarfi: an kammala lafiya, minti tara da daƙiƙa arba'in.

"Alhamdu lillahi," in ji Zuhura. "Baba, mi ka ce mishi?"

"Tsakanina da shi ne." Ya juya fuskarsa bango.

Washegari da hantsi Jabir ya zauna a shago zai matse fayil ɗin, don ya yi sauƙin aikawa in ya je shagon intanet a Gusau. Ya saba, maganar minti tara in aka matse ta takan koma kashi ɗaya cikin goma. Wannan kuwa ta koma kamar babu. Ya sake, ta sake komawa haka. Ya san abu ɗaya ne ke matsuwa haka, wato shiru. Bai saurara ba, saboda amana. Ya buɗe hoton sautin, inda murya kan fito da tudu da kwari. Layi ne guda, miƙaƙƙe sambal, daga farko har ƙarshe.

Ya buɗe fayil ɗin gefe, wanda rabonsa da dubawa tun bara. Biyar ƙasa da sifili. Ƙarƙashinta, biyar ƙasa da sifili. Ya yi ta gangarawa, layi dubbai, duk abu ɗaya. Tun daga daƙiƙar farko ɗan aiken yake dawowa yana cewa na kira bai amsa ba, layukan nan uku kuma suna toshe masa baki. Ya kwance murfin kwamfutar. Jijjigar hanya ta ɗaga katin daga gurbinsa, tazarar ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya sa babban yatsa ya danna, ya ji ƙas. Gyaran ke nan gaba ɗaya.

"Innalillahi," ya ce, shi kaɗai a shago. "Na kashe kaina."

Ya ari rikoda mai batir wajen mai shayin da ke kusa, rikodar da kowace tsohuwa ta san yadda ake dannawa, ya hau kabu-kabu ko shagon bai kulle daidai ba. Duk hanya addu'a yake. Sun shiga ƙauyen bayan azahar. Tun daga nesa ya hango maza suna tahowa daga gabas a jere, taɓo a ƙafafunsu, biyu na ɗauke da makara babu kowa a ciki.

Sai da aka yi la'asar mijin Zuhura ya samu ya kira ta bakin zaure. Ta tsaya bayan asabari, Jabir yana tsugune a waje da rikodar a hannu kamar wawa. Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa.

"Malam Jabir, ka aika? Ko bai tarar da shi ba, dai ya ji."

Da ya ce ya aika, da ya samu kwana arba'in na sauƙi. Ya ji ƙaryar ta taso har maƙogwaronsa. Ya haɗiye ta.

"Maman Nafisa, babu komai a ciki. Ba ta ɗauka ba."

Sai ta ce, "Kamar yaya ba ta ɗauka ba? Ai ta rubuta lafiya. Kai ka karanta muna da bakinka."

"Ni na koya mata faɗin haka. Ko mi ya faru, ta ce lafiya."

"Don mi?"

"Don kada ta riƙa ba ni kunya gaban mutane."

Ya ji numfashinta ya sauya a bayan asabarin. "Da ta yi kuka, da mun ji. Yana nan zaune, da ya sake faɗi. Jiya har magariba yana magana, Malam Jabir. Har kunu ya sha." Muryarta ta karye. "Tashi ka tafi, mata na zuwa gaisuwa."

A ranar ya goge layukan uku. Bai ɗauke shi minti ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Kwamfutar ta koma tsayawa da jan rubutunta, masu wa'azi suka koma mita, shi kuwa bai ƙara tanka wa kowa ba. Mijin Zuhura ya rage tsayawa gaisawa. Jabir ya rame, abinci ya daina yi masa daɗi, in ya tashi sallah sai ya rasa raka'a nawa ya yi.

Kwana biyu bayan addu'ar arba'in wani dogon mutum ya yi sallama a ƙofar shagon. Siminti ya cinye masa tafin hannu, ya tsattsage. Ko bai faɗi sunansa ba, goshin Malam Ɗanbaba ne sak.

"Ni ne Sodangi. An ce saƙona na wurinka."

Jabir ya ba shi kujera, ya yi masa bayani tun daga tafsirin bara har zuwa katin da ya ɗaga. Bai rage komai ba, bai kuma nemi a yafe masa ba, don ya ga bai da bakin nema. Sodangi ya saurara, idonsa na kan kwamfutar.

"Sa mini in ji."

"Babu abin ji, wallahi. Shiru ne."

"Nawa ne ko naka? Sa mini."

Jabir ya ɗora masa abin sauraro a kunne, ya danna. Lambobi suka fara tafiya a ƙasan allo. A waje ana sauke buhunan gyaɗa daga wata mota, masu dako na ihu, wata akuya ta leƙo ta wuce. Sodangi bai motsa ba. Ya dafa gwiwoyinsa, ya sunkuyar da kai yadda ɗa ke yi in uba na magana. Minti uku. Minti shida. Jabir ya rasa inda zai sa idonsa, tausayi da kunya suka taru suka danne shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Da lambobin suka tsaya, Sodangi ya cire abin a hankali ya riƙe shi a cinya.

"Wa ya tsai da ita ran nan?"

"Shi da kansa. Na nuna mishi inda zai danna in ya gama."

"Ke nan duk tsawon nan magana yake."

"Ko magana, ko shiru. Ba wanda ke ɗakin."

Sodangi ya jinjina kai. Ya daɗe yana murza wayar abin sauraron tsakanin yatsunsa.

"Malam, kai ka yi karatu. Tsine ma mutum na ɗaukar minti tara?"

Jabir ya san amsar da mutumin ya ƙetaro hamada don ya ji, kuma kalma ɗaya ce. Ya dubi tsattsagaggun hannuwan nan, idanunsa suka cika.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

"Ni ma haka." Sodangi ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon kaset, ko ledarsa ba a ɓare ba. "Juye mini shi a nan."

Jabir ya ɓare ledar, ya sa kaset ɗin a rikodar shago, ya jona waya. Yatsansa na kan madanni sai Sodangi ya taɓa masa kafaɗa.

"Kada ka yanke ko kaɗan."