Kallon Bakin Malam

Tun da ƙyanda ta kama Mashkura tana yaye, kunnenta na hagu ya toshe, na dama ma sai an ɗaga murya. Da ido take jin magana: ta tsura wa bakin mutum ido, ta ɗauke duk abin da ya faɗa. Kowa a unguwarsu cikin Wurno ya san haka, ban da Malam Kabiru, sabon malamin Turanci.

Ranar da yarinyar ta dawo gida tana kuka, uwarta Kulu tana tankaɗe a tsakar gida. Da ƙyar ta samu bakin zancen. Ashe tun farkon zango malam ya ce kallon da Mashkura ke masa tsaurin ido ne, ya mayar da ita can ƙarshen aji, ya ce ta riƙa sunkuyar da kai kamar kowace 'yar mutunci. Yanzu ga shi ya yi gwaji kan kalmomin Turanci masu tafiya da "hear" da "listen", wato ji da saurare, yana karantowa yana zagaye aji, ba ta kama ko ɗaya ba. Ya ce sai ta maimaita aji.

Ran Kulu ya ɓaci ƙwarai. Ko garin hannunta ba ta wanke ba, ta zura hijabi ta ja yarinyar sai makaranta. Suka tarar da shi gaban allo yana ta karantarwa da ƙarfi, yara na amsawa.

"Malam, ni ta uwar Mashkura," in ji Kulu bayan sallama. "Mi ɗiyata tay yi?"

"Ba ta da tarbiyya, kuma ba ta gane komai," ya ce, idonsa na kan wayarsa.

"Kunnenta na da lalura. Na aiko yayanta ya hwaɗa maka, kac ce mai ya hita."

Malam ya taɓe baki. Abin haushi, mutumin da ake kira gwanin koyar da saurare, shi ne bai taɓa tsayawa ya saurari kowa ba.

"To juyo ka dube ta, ka sake hwaɗin abin nan naka," in ji Kulu.

Don dai a rabu, ya juyo. "Listen to the radio," ya ce. Mashkura ta maimaita tas. "Hear from my brother." Ta maimaita, har ta ƙara da cewa ana nufin samun saƙon ɗan'uwa. "Listen carefully." Ta mayar masa, tana kallon bakinsa ƙur.

Kulu ta zaci kunya za ta kama shi. Ina! Gyaran murya ya yi ya ce zai sake mata gwajin, ta dawo gaba. "Amma dai in ina magana ta riƙa duƙar da kai. Ban son kallo."

Nan da nan Mashkura ta sunkuya, kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Ganin haka ya fi komai ƙona wa Kulu rai. Ta ratsa tsakanin yara, ta ɗauko bencin 'yarta da kanta, ta dire shi daf da allo, ta zaunar da ita. Sannan ta sa hannunta mai gari ta tallabo haɓarta.

"Ɗaga kanki," ta ce. "Dube shi da kyau. Ni nic ce."