Bishiyar da Rwang Ya Hango Daga Bas

Rwang direban bas ne a Landan, ɗan asalin Riyom, shekarunsa sun tasam ma sittin. Yana zaune a Plumstead da matarsa Rhoda, a wani gida mai ɗan fili a baya. Filin nan ba inda za ka sa ƙafa, duk ya cika shi da kasake. Tun da aka yi masa aikin gwiwa ya shafe watanni a gida ya faɗa harkar bonsai, wato renon bishiya a kasko, ana datse ta, ana lanƙwasa rassanta da waya, har ta tsufa ba ta wuce gwiwar mutum ba.

Cikin bishiyoyin duka ya fi son juniper, mai ganye sirara kamar zaren saƙa, kore shar rani da damina, ga ƙanshi idan ka murza. Yana da irin gama-gari da ake sayarwa ko'ina. Wadda ta hana shi sakat ita ce Itoigawa, 'yar ƙasar Japan, mai ganye ƙanana a cushe, korensu da haske. Sau ɗaya ya taɓa ganin babbarta ido da ido a wani baje koli, ya tsaya a gabanta har Rhoda ta gaji ta je ta nemi kujera.

Ba irin neman da bai yi ba. Wani mai gidan renon shuke-shuke a wajen gari ya ce masa waɗanda ke gabansa a layi sun isa su cika bas ɗinsa. Wani ya yi masa alkawarin guda cikin kayan da za su zo daga Japan, kayan suka daɗe a killace wurin masu binciken cutar tsirrai, daga ƙarshe aka yi cancel ɗin odar. Ya saya a intanet, aka aiko masa da wata 'yar juniper irin ta bakin titi. Ranar ya zauna yana kallon kwalin.

"Baban Gift," in ji Rhoda, "kore dai kore ne. Wannan ɗin me ta rasa?"

"Ke ma ai ba kowane acca kike saya ba," ya ce.

Ta yi dariya ta ƙyale shi.

Wata kaka aka fara gyaran titi a Camberwell, a hanyar da bas ɗinsa ke bi. Aka kafa danja ta wucin gadi, kullum sai ta tsayar da shi a gaban wani tsohon gida da ke kan kwana. Yana jiran a ba shi hannu ne wata safiya idonsa ya sauka bayan gajeriyar katangar gidan. Wata juniper ce ta baje a ƙasa, ta kai ƙugun mutum, ciyawa da ledoji sun sarƙe ta. Amma ganyen saman nan, inda rana ke dukansa, a cushe yake, korensa da haske. Ya ƙura mata ido. Sai da na baya suka dame shi da hon ya lura danja ta saki.

Ranar hutunsa ya je ya ƙwanƙwasa, shiru. Labule a sauke, ga allon sayar da gida a kafe. Ya miƙa hannu ta kan katanga ya shafa ganyen, ya ji laushinsa, ya leƙa ciki ya hango gindi mai kaurin damtse, a murɗe. Ya koma gida yana magana shi kaɗai a jirgi. Duk tsawon sanyin shekarar haka yake wucewa yana gaishe ta da ido.

Da sanyi ya fara ja baya, ran nan ya iso kwanar sai ya ga an cire allon, an ajiye ƙatuwar skip, wato kwandon ƙarfe na zuba tarkacen gini, a ƙofar gidan, ta cika da tubali da tsofaffin katakai, magina suna ta kai da kawowa. Bishiyar na nan, amma an jingina mata buhunan siminti. Yana tashi daga aiki bai ko cire rigar aiki ba ya dawo.

Wata mata ce ta buɗe ƙofa, matashiya, da mayafi a kanta da waya a kunne. Ya gaishe ta da Turanci, ya ce don Allah maganar bishiyar nan ce ta kawo shi. Ta ɗaga masa yatsa alamar ya ɗan jira, ta ci gaba da wayarta.

"Umma, bari in kira ki anjima. Wani dattijo ne ya zo, wai ciyawar ƙofar gida yake so. Wallahi garin nan ba abin da ba ka gani."

"Ba ciyawa ba ce, 'yata," in ji Rwang da Hausa. "Bishiya ce."

Ta rufe baki da tafin hannu. "Innalillahi! Baba, ka yi haƙuri! Ina wuni? Daga ina?"

"Daga Filato. Lafiya lau, ba komai."

Sunanta Ihsan, likita ce 'yar Zariya, ita da mijinta suka sayi gidan. Ta shigar da shi tsakiyar ƙurar gini, ta share masa kujera, ta kawo ruwa. Ya yi mata bayani dalla-dalla, tana saurare tana murmushin jin kunya. Ta ce za a daɓe ƙofar gidan ne don ajiye mota, an riga an yi booking ɗin motar haƙa, ranar Litinin za ta tumɓuke komai.

"In motar nan ta taɓa ta, ta mutu," ya ce. "Ki ba ni ranar Asabar. Kuma ki faɗi abin da zan bayar."

"Haba Baba, abin da za a jefa a skip? Ka zo ka ɗauka. Ni dai in ta rayu ina so in gani."

Asabar da safe ya zo da Godwin, abokinsa na coci mai motar ɗaukar kaya. Suka fara haƙa daga nesa da gindin, suna zagayawa, don kada su yanke ƙananan saiwoyi. Ƙasar yumɓu ce mai danƙo, ga yayyafi. Gwiwar Rwang ta fara yi masa zugi, ya durƙusa a kan buhu ya ci gaba da hannu. Abin da yake tsoro shi ne doguwar saiwa da ta nutse ƙasa, don in sai an sare ta, da wuya bishiyar ta tashi.

Can sai shebur ɗin Godwin ya bugi wani abu, ƙwal!

"Da Rwang," in ji Godwin, da kiran girmamawa irin na mutanen Filato, "dutse ne a ƙarƙashinta."

Rwang ya tura hannu cikin laka ya shafa. Abu ne shimfiɗaɗɗe, mai santsi, mai kusurwa. Tayil ne, irin na daɓen ɗaki. Ya zauna daɓas a cikin taɓo yana dariya har da hawaye. Masu bonsai ne kaɗai ke dasa bishiya a kan tayil, don saiwar ta baje gefe maimakon ta nutse, gindi ya yi kauri kafin a mayar da ita kasko. Ya duba cikin rassa, ya ga guntun tsohuwar waya ta yi baƙi. Wata tsohuwa maƙwabciya da ta fito kallo ta ce ai marigayi mai gidan ƙananan bishiyoyi ne da shi fal a baya, da ya rasu dangi suka kwashe na kasake, wannan ba wanda ya kula ta.

Suka ɗago ta da saiwoyinta cif, suka naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Ihsan ta riƙe musu ƙofar motar, tana ta yi musu sannu.

A gida ya dasa ta cikin akwatin katako da ya haɗa da kansa, ya sa ta a inuwa. Wahalar juniper ita ce tana iya mutuwa ganyenta ya ci gaba da zama kore tsawon watanni, ba ka sani ba. Haka ya yi ta feshe ganyen da ruwa safe da yamma. Da zafi ya shigo, rassan gefe guda suka bushe suka yi ja. Ya daina hira a wurin cin abinci. Ranakun da yake aikin sassafe Rhoda ce ke fita da kwalbar feshi, ba tare da ya roƙe ta ba. Ita ce ma ta fara gani, ta kira shi yana hutun rana.

"Baban Gift, bakin ganyen ya yi wani kore daban, kamar sabon tsiro. Ko'ina a jikinta."

Ya ajiye abincin da ke hannunsa ya ce ta sake faɗa.

Ya yanki ɗan reshe ya kai taron ƙungiyarsu ta masu bonsai. Shugabar, wata dattijuwar Baturiya da ta yi koyo a Japan, ta sa tabarau ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce Itoigawa ce, ba ko tantama, ta kuma tambaye shi a ina ya samu. Da ya faɗa mata, ɗakin ya kaure da surutu.

Bai yi gaggawa ba. Ya bar ta ta yi ƙarfi sosai kafin ya taɓa ta da almakashi. Rassan da suka bushe bai yar da su ba, ya ɓare su ya goge har suka yi fari fat kamar ƙashi, jan ɓawon mai rai yana nannaɗe da su. Ƙananan rassan da ya datse ya dasa su, da yawa suka kama, ya raba wa 'yan ƙungiya.

A bazara ta huɗu ya kai ta baje kolin ƙungiyoyin kudancin Landan, a wani babban zauren taro. Rhoda ta ci ado da atamfa, Gift 'yarsu ta zo daga Stratford, Godwin ya ɗauko kaskon kamar mai ɗauke da jinjiri. Ihsan ma ta zo da mijinta da mahaifiyarta da ta zo ziyara daga gida. Ta tsaya gaban teburin ta daɗe, sannan ta ce, "Baba, ka rantse wannan ce?"

Alƙalai suka zagaya, suka dawo, suka sake dawowa. Da aka zo sanar da wadda ta fi kowace bishiya a zauren, mai sanarwar ya yi ta fama da sunan mai ita, ya kira shi a karkace. Rwang bai ma gane shi ake nufi ba, sai da Gift ta girgiza kafaɗarsa tana cewa, "Daddy, it's you!"

Ya miƙe. Jama'a suka fara ɗan tafinsu na natsuwa. Rhoda kuwa ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, mahaifiyar Ihsan ta karɓa daga ɗaya gefen, zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Turawa suka waiwayo a firgice, sannan suka fashe da dariya suka ƙara ƙarfin tafi, Rwang yana ratsawa ta tsakiyarsu zuwa gaba.