Akwatin da Obadiah Ya Ƙera

Keziah Thurlow tana cikin yanka burodin da ta karɓo jiya a coci aka buga ƙofa. Kafin ta amsa, Silas Gotts ya sunkuyo ya shigo, maƙerin ƙauye na biye da shi da kaskon garwashi da wani dogon ƙarfe.

Bana Silas aka ɗora wa kula da talakawan coci. Ba mugu ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da in an ba su riƙon akuya sai su ɗauka sarauta ce. Keziah ta san shi tun yana yawo ba wando. Ita kuwa ta haura saba'in ba ta taɓa miƙa hannu ba. Sai da sanyin bana ya sandarar mata da yatsu, kaɗin ulu ya gagara, sannan ta bi layin tsofaffi bayan sujada, kanta a ƙasa.

Silas ya cire hula, ya yi bayani yana kallon rufi. Duk wanda ya fara cin burodin coci, kayan ɗakinsa sun zama na coci. Za ta ci gaba da amfani da su muddin tana numfashi, ranar da ta cika a kwashe a sayar, a ciyar da wasu. Tambarin coci da za a ƙona a jikin kayan kuma don kada dangi su yi awon gaba da su ne.

Ta ce su sa mana, me gare ta? Maƙeri ya dangwala wa gado, ya dangwala wa kujera da tebur mai ɗingishi, ɗakin ya cika da ƙaurin katako. Har tsokana ta yi musu, wai kada su manta da kyanwa.

Sai Silas ya yaye mayafin da ke kan dogon bencin gindin taga. Ashe ba benci ba ne, akwatin gawa ne.

Mijinta Obadiah kafinta ne, kuma wannan ne aikinsa na ƙarshe. Da igiya ya auna ta, tana dariya tana ce masa ya bar mata wurin juyi. Su biyun sun san akwatin coci: a kai talaka bakin rami a cikinsa, a ciro shi da likkafani, a mayar da akwatin ya jira na gaba. A ciki aka ɗauki uwarta. Obadiah ya rantse matarsa ba za ta shiga akwatin aro ba.

"Katako mai kyau," in ji Silas, yana shafa murfin. "Wannan zai yi kasuwa."

Wuƙar ta faɗi daga hannun Keziah. 

"Silas, ɗan nan, nawa ne. A ciki za a binne ni."

"Iya, ai na faɗa miki. Kina da rai, naki ne. Bayan rai, na coci ne."

"Akwatin gawa? Da rai zan yi me da shi?"

Ya ce ba shi ya kafa dokar ba, kuma ba za a bar ta a fili ba, ga akwatin coci nan. Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Ta suri burodin ta tura masa a ƙirji, ta ce ya mayar, ta fasa. Silas ya dubi gefen da ta gutsura jiya a hanya saboda yunwa, ya ajiye mata shi a kan tebur a hankali.

Maƙeri ya yi ta hura garwashin da bai mutu ba, yana jan lokaci. Da ƙarfen ya sauka a kan murfin, daidai inda fuskarta za ta kasance ya sauka. Keziah ba ta yi kuka ba. Tana tsaye tana kallon hayaƙin har suka fita suka ja mata ƙofa.

Ta daɗe a haka, rana ta karkato ta taga. Can ta goge tokar da gefen riga, ta ture murfin, ta jingine shi da bango, tambarin na kallon bangon. Ta jawo katifar ciyawa daga kan gado, ta cusa ta ciki, ta kawo bargo da matashi.

Ta cire takalmi ta shiga, ta miƙe ƙafafu. Obadiah bai yi ƙarya ba, ya bar mata wurin juyi.