Kogin da ke Ƙarƙashin Lambu

Shekara ashirin da shida da suka wuce, Auta ne ya miƙar da kogin nan da katafilarsa. Ofishin ruwa ya ce lanƙwasar kogin ce ke jawo ambaliya, shi kuwa, yana saurayi mai ji da kansa, ya yanka wa ruwa sabuwar hanya ɗoɗar, ya kwashe duwatsu da kututturan da ke ciki, ya cike tsohon gurbin da ƙasa. Har hoto aka ɗauke shi. Ruwa ya riƙa wucewa a guje, ba inuwa, ba maɓoya, ba tsakuwar da kifi zai zuba ƙwai. Cikin damina huɗu kifi ya ƙaurace wa wurin.

Wanda abin ya fi shafa shi ne yayansa, wanda bai san wata sana'a ba sai kamun kifi. Yaya ya rataye tarunsa, ya koma kan ƙasar da ƙanensa ya cike ya yi lambu, da shi ya ciyar da 'ya'ya bakwai. Suna gaisawa, suna zumunci, amma maganar kogi ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Da Yaya ya zage shi tun a lokacin, da Auta ya fi samun sauƙi.

Yanzu ofishin ya sake shawara: a maido da kogi tsohuwar hanyarsa don kifi ya dawo. Haka ofis yake, yau ya ce a cike, gobe ya ce a tone, kuma duk da murya ɗaya ta masu ilimi. Aka rasa direban da za a ɗauka sai Auta, wanda furfura ta cika wa gemu amma sunan bai bar shi ba.

Mai kula da aikin wata injiniya ce, sa'ar 'yarsa, mai takalmin roba da tsohuwar taswira da ta sha ninki. Da taswirar ta auna, ta kafa turaku masu jan ƙyalle don nuna inda za a tone. Ranar da Auta ya ga layin turakun sai ya gane akwai matsala. Taswirar ta kuskure. Turakun sun bi ta bayan shingen lambun Yaya da taku kamar talatin, alhali gurbin gaskiya ya ratsa ta tsakiyar lambun ne, shi da hannunsa ya binne shi. Idan ya faɗa, lambu ya tafi. Ya ci sana'ar mutumin nan sau ɗaya, ba zai iya ci karo na biyu ba. Ya haɗiye maganarsa, ya tayar da inji.

Kwana uku yana tono, ba abin da cokalin katafila ke fitowa da shi sai jan yumɓu. Injiniya ta riƙa sauka cikin ramin tana murza ƙasa da yatsu, fuskarta a ɗaure.

"Baba, tsakuwa muke nema," ta ce. "Tsohon gurbi yana da tsakuwa, da idon ruwa mai sanyi a ƙarƙashi. A kan yumɓu ko mun zuba ta saye, ruwan farko zai tafi da ita. In ba mu samu ba kafin damina, za a ɗauke aikin a kai wani kogin. An ce kai ka yi aikin farko. Ba ka tuna komai?"

"Injiniya, shekara ashirin da shida fa. Ni da abin da na ci jiya ma sai na yi tunani."

Ta yi murmushin ladabi ta koma kan taswirarta. Auta ya ji kunya ta kama shi har cikin ƙashi, don yarinyar ba ta taɓa yi masa komai ba sai girmamawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji masu magana, ga shi nasa ya kai taku ɗari biyu.

A rana ta huɗu da hantsi, yana cikin aiki ya hango Yaya ya fito daga lambu, wandonsa a naɗe, yana ɗingisa ƙafar da ke damunsa. Tsohon ya tsaya a bakin ramin, ya duƙa, ya ɗebi yumɓun ya shinshina, ya watsar. Ya ɗaga hannu. Auta ya kashe inji ya sauko.

"Me kuke nema a nan, 'yata?" Yaya ya tambayi injiniya.

Ta yi masa bayani. Ya saurara har ta gama, sannan ya tsige turke ɗaya, ya ce ta biyo shi. Ya buɗe ƙofar shinge, ya bi ta tsakanin fangalan albasa da tumatir, ya tsaya inda ganyen ya fi duhu.

"Nan ne. Da rani ko ban ba wa layin nan ruwa ba, ba ya yaushi. Kogin yana nan a ƙasa, bai je ko'ina ba." Ya soka turken.

Injiniya ta dubi lambun, ta dubi Auta, ta fahimci komai. Ga Yaya ta juya, muryarta a ƙasa. "Baba, in muka bi nan, lambun ba zai rage ba. Ofis zai ba ka wani fili, amma ba kusa da ruwa ba."

"Na sani."

"Yaya," Auta ya ce, "don kai na yi shiru. Kifin nan ko ya dawo, sai nan da shekara biyar ko shida. Kai da kafaɗarka ba ta iya jefa taru yanzu, me za ka ci?"

Yaya ya dube shi, kallon da bai yi masa ba tun suna samari.

"Wancan karon da ka binne kogi, ka tambaye ni?"

"A'a."

"Wannan karon da ka ɓoye shi, ka tambaye ni?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Kullum kai ke yanke mini abin da ya fi, Auta. Ni ban taɓa son lambu ba. Yunwa ce ta koya mini."

Ya juya ya dubi wata bishiyar lemo da ke tsaye daidai kan layin, ta yi 'ya'ya har rassanta sun sunkuya. Ya daɗe yana kallonta, ya sa hannu ya shafa jikinta, sannan ya matsa gefe.

"Hau injinka," ya ce. "Ka fara da wannan. In ka bar ta zuwa gobe, ban san ko zan iya ba."