Ɗigo na Bakwai

Ita dai tela ce, kuma duk duniya ba abin da ta tsana kamar aikin da aka bari rabi da rabi. Shi ya sa ranar da ɗanta, direban tankar ruwa a soja, ya kawo mata sabon kakinsa ta ɗinka masa tambarin kafaɗa, idonta ya faɗa kan wani giɓi a jikin tambarin. Hoton guga ne da igiya, a ƙasa ɗigon ruwa shida, sai wani fili a tsakiyarsu kamar bakin da haƙori ya fita.

"Aikin ragwaye," ta ce. Ta zura shuɗin zare ta cike wurin tsaf.

Mijinta, wanda ya yi shekara ashirin a rundunar da ɗan yake kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ya karɓi rigar ya daɗe yana kallo.

"Baiwar Allah, ba mantuwa ba ce. Ranar da aka kafa rundunar, tanka bakwai suka kai ruwa bakin daga, shida suka dawo. Wurin nan na wanda bai dawo ba ne."

Ta ɗauko reza za ta warware, ɗan ya riƙe hannunta yana dariya.

"Bar shi, Umma. 'Yan ga-ruwa ake ce mana, wa zai tsaya duba kafaɗarmu? Tunda kin cike, dole in dawo ke nan."

Wasa ya yi, amma ita ta riƙe maganar da hannu biyu. Wata biyar, duk lokacin da wayarsa ta ƙi shiga, sai ta ce wa ranta ai bakwai ne cif.

Wata Talata da hantsi sojoji biyu suka yi sallama, huluna a hannu. Uban ne ya fita. Ita tana kan keken ɗinki, ta taga ta hango giɓin a kafaɗunsu. Motar ɗan ce ta taka nakiya a hanyar dawowa, bayan ya sauke ruwan, kuma bai fita da rai ba.

Suka bar jakarsa. Rigar tana ciki a ninke, ko zare ɗaya na ɗinkin bai tashi ba. Ba ta taɓa jin haushin kyan aikinta ba sai ranar.

Da masu gaisuwa suka ragu, ta shimfiɗa rigar a cinya ta ɗauko reza.

"Ki bar shi mana," in ji mijin. "Aikin hannunki ne."

"A'a, Babansu. Wurinsa ne na tare masa."

Ta sunkuya ta shiga tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya.